Rasuwar Gwaggo Sanyi, Esin Ɗakin Baba Mai Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga sharkaf da gumi, Baba Mai Agogo da iyalansa suke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar esinsu, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda jikoki suka laƙaba wa suna Gwaggo Sanyi. Ta cika ranar Talata da tsakar rana, daidai lokacin da aka fi bukatarta, bayan doguwar jinya da babu wanda ya gane jinya ce sai da aka zo ƙarshenta. Shekararta shida a bango.

Marigayiyar ta shigo gidan ne ta hannun babbar 'yar Baba, malamar asibiti, wadda ta zo hutu ta tarar da ubanta yana gyara agogon mutane gumi na ɗiga a cikinsa. Washegari aka kawo Gwaggo a kwali biyu. Tun ranar Baba ya san ba ƙaramar halitta ba ce, domin bai taɓa ganin mai jiki biyu ba: fuskarta a cikin ɗaki, ƙirjinta a bayan gida, siririn bututu ya haɗa su ta cikin bango.

Mai ladabi ce. Idan aka gaishe ta da rimot sai ta amsa, "tit," ta buɗe baki a hankali, ta saki dogon numfashi, "haaa," kamar wadda ta sauke kaya. Ba ta taɓa zaɓar wanda za ta yi wa alheri ba. Mai bashi da wanda ake bi duk sanyi ɗaya ta ba su. A ƙasar da sama take manta yadda ake ruwa, ita kullum tana ɗiga nata ta tiyo. Baba ya daɗe yana tunanin inda take samo shi. Da aka ce masa daga iskar ɗakin take tatsowa, sai ya yanke cewa hirar mutane ce take komawa ruwa, ya dasa ɗan rumman a ƙarƙashin tiyon. Rumman ɗin ya yi kyau ƙwarai.

Amma babban alherinta shi ne jama'a. Kafin zuwanta, Baba mutum ne da ake tuna wani aiki da zarar ya gyara murya. Yana da labarai: yadda tururuwa ke ɗauke gawar 'yar uwarta, dalilin da hannun agogo yake bin dama, tauraron da ya mutu tuntuni amma haskensa yana kan hanya. Babu wanda ya taɓa jin ƙarshen ko ɗaya. Da Gwaggo ta hau bango, sai ga jikoki, ga surukai, ga tela da kafinta na bakin layi, kowa da azahar ya shigo ya nemi gefen tabarma. Matar Baba takan ce, "Malam, ba fa labarinka suka zo ji ba." Shi kuma ya ce, "Na sani, uwar yara. Amma ko mai gyangyaɗi kunnensa a buɗe yake." Shekara shida yana kai labari har ƙarshe.

Game da ciwon ajalinta, iyali sun ga ya dace a faɗi gaskiya: tausayi ne ya kashe ta. Baba ya leƙa bayan gida wata rana ya ga ƙirjinta a tsakiyar rana, iska na watsa masa rairayi, alhali su suna ciki suna miƙe ƙafa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya sa tela ya ɗinka mata rigar tamfal. Da rigar ta kece, ya sa kafinta ya kewaye ta da katako ta ko'ina, har da 'yar ƙofa da kwaɗo.

Mai gyara ya zo sabis a shekara ta biyu, ya ga ginin, ya ce, "Baba, wannan ai sai ku bar ta ta sha iska." Baba ya ji daɗin wannan magana, don ta nuna yaron yana da tarbiyya. Daga ranar, kullum da la'asar sai ya kashe ta awa guda, kowa ya zauna cikin zafi. Duk wanda ya miƙa hannu wajen rimot sai a ce masa, "Kai, bari. Gwaggo tana shan iska."

Mai gyaran ya kuma ce a riƙa kiransa sau biyu a shekara, kafin zafi da bayansa, ya wanke ta ya duba gas. Kuɗin zuwansa bai wuce na kaji biyu ba. Baba ya duba ya ga wadda take cikin ɗakinta a kulle ba ta da inda za ta kwaso datti, ya ɗage zuwa baɗi, baɗi ma ta ɗage kanta. An yi maganar wata raga da ake cirewa a wanke duk sati biyu. Baba bai taɓa sanin fuskarta tana buɗuwa ba, kuma ko ya sani, da kunya.

Alamu sun zo, ba a karanta su ba. Ta fara tari, "kaf, kaf, kaf." Ta fara zubar da hawaye a bangon ɗaki. Kuɗin wuta ya yi ta kumbura, aka ɗora wa dutsen guga laifi. Rannan ƙanƙara ta fito a jikin bututunta, Baba ya aika aka kira maƙwabta su zo su ga ikon Allah, ƙanƙara a wannan zafi. Aka taɓa, aka yi mamaki, aka watse. Ranar Talata ta ja wani dogon "ƙiii," ta ce "ɗif." Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Mai gyara ya ɓalle kwaɗon, ya kwashe rairayi cikin bokiti, ya zaro ragar da ta koma kamar bargo. Ya ce, "Haba Baba, ban ce ku bar ta ta sha iska ba?"

Baba ya ce, "Kullum take sha, ɗan nan. Awa guda cur. Tambayi kowa."

Yaron ya kife bokiti ya zauna a kai. Sannan ya bayyana cewa duk zafin da take kwashewa a ɗaki ta baya take fitar da shi, kuma shekara da shekaru tana haɗiye abinta saboda an toshe mata hanci. Kwamfuresa, wato zuciyarta, ta ƙone. Sabuwar zuciya da gas da kuɗin aiki sun kusa kuɗin sabuwar esi. Matar Baba ta ce, "Abin da ka ba tela da kafinta ai ya isa a yi mata wanka shekara uku." An kira malamar asibiti a waya. Ta yi dariya, sannan ta ce da kuɗin makarantar yara a gabanta sai dai a yi haƙuri.

Marigayiyar ta bar rimot, wanda har yanzu ake dannawa bisa mantuwa. Ta bar yayarta, tsohuwar fanka mai ciwon wuya da ba ta iya waiwaye. Ta bar firji, ɗan uwanta ta wajen gas, wanda aka janye daga jikin bango da gaggawa. Ta bar ƙadangare ɗaya mai haya a ɗakin katako. Ta kuma bar wani tsoho a ɗaki mai tabarma uku. Tun Talata babu wanda ya shigo, sai wani da ya zo karɓar agogonsa, shi ma daga bakin ƙofa ya miƙo hannu.

Iyali suna roƙon duk mai irinta da rai ya buɗe mata fuska ya wanke ragar, ya kira mai gyara tun tana tari, ya yi mata inuwa daga sama amma ya bar mata gefe a buɗe.

Za a sauko da ita ranar Asabar da safe. Kafinta ne zai rushe ɗakin da ya gina, kyauta, don ya ce shi ma da hannunsa a ciki. Mai sayen tsohon ƙarfe zai raka ta makwancinta a baro. An roƙe shi kada ya auna ta a gaban iyali.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakin Baba, da azahar, kullum, har sai abin da hali ya yi. An yayyafa wa ƙasa ruwa, an buɗe taga, akwai ruwan sanyi a kula. Wanda ya zo, don Allah kada ya tsaya a bakin ƙofa. Ya shigo ya zauna ko na minti goma ne. Baba ya yi alkawari zai taƙaita labari, kuma shi da kansa zai riƙe mafici.