Nomau da Tsiren Awara

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba, kuma a ɓoye nake yi, in na ji motsi sai in rufe. In kun ga na yi tsalle a wani wuri, ku cike da kanku. Labarin Nomau ne, yadda na ji shi a bakin mata wajen daka.

Shi dai Nomau ba yaro ba ne, har gemu gare shi, ga kafaɗa kamar ta ɗan dambe. Ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya gajiya da aike. Matsalarsa ɗaya ce, abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka, ba ƙari ba ragi. Su uku ne a gidansu, shi da mahaifiyarsa Inna Tabawa da mahaifinsa Baba Barmo. Baba Barmo mahauci ne tun yana saurayi, tukubarsa ta tsire tana bakin kasuwa, direbobi har tsayawa suke yi saboda shi. Sai tsufa ya zo masa da ciwon gaɓɓai da hawan jini. Likita ya ce a raba shi da nama, in ba haka ba wata rana zai faɗi ba zai tashi ba. Tun daga nan tsohon ya juya fuska ga bango. A kawo tuwo ya ture, ya ce miyar da ba nama ruwan wanke tukunya ce. Ya yi ta ramewa har rigarsa ta zama kamar ta aro. Inna ba ta da wani tunani sai yadda za a yi ya ci abinci, kada yunwa ta ƙarasa abin da ciwo ya fara.

Wata rana aka yi suna a maƙwabta. Inna za ta shiga wajen taro, ta ja Nomau gefe ta ce, "Za a aiko da naman suna. Kada ka bari babanka ya gan shi, ko da ido ɗaya." Ya ce to. Can aka yi sallama, aka miƙo kwano aka ce, "A ba Baba Barmo." Nomau ya tsaya riƙe da kwano yana tunani. Ga maganar Inna, ga ta masu suna, kuma ba ya son ya saɓa wa kowa. Sai ya ɗauko rawanin Baba ya ɗaure masa idanu tam, sannan ya ajiye kwanon a cinyarsa.

Baba ya ce, "Wane irin wasa ne wannan?"

"Inna ta ce kada ka gani."

Tsohon ya shaƙi ƙamshi, ya ce, "To ai ban gani ba," ya kai hannu yana lalube. Inna ta dawo ta tarar da ƙasusuwa a kwano. Nomau ya tare ta da murna. "Ko da ido ɗaya bai gani ba, Inna, na duba ɗaurin da kaina." Washegari ƙafar Baba ta kumbura kamar kabewa, ko zani ba ya so ya taɓa ta. Nomau ya wuni yana yi mata fifita, hawaye na bin gemunsa. Ya san akwai laifinsa a ciki, amma ya rasa ta ina ya shigo.

Wata rana Gwaggo Ladiyo mai awara, ƙanwar Baba ce, ta zo dubiya. Da za ta tafi ta raɗa wa Inna cewa in aka soya awara da kyau aka baɗe ta da yaji, sai ka rantse tsoka ce. Inna bayanta ba ya ɗaukar tata da matsa, sai ta ce wa Nomau, "Je ka gidan Gwaggonka ka zauna ka kalle ta. Duk abin da ka ga ta yi, ka zo ka yi mana a nan." Ya je ya zuba ido. Ya ga ta wanke waken suya da ta jiƙa, an niƙo, ta tace da ƙyalle, ta ɗora a wuta. Ya fara tafasa ke nan sai kajin maƙwabciyarta suka diro cikin dusar. Gwaggo ta cire takalmi ta jefa ta kan katanga, ta ce, "Ke Kande, in ba ki tsare kajinki ba sai na sha romonsu." Ta dawo ta zuba ruwan tsami, abin ya dunƙule, ta juye a buhu ta danne da dutse.

Nomau ya dawo gida ya yi komai bi da bi, tsaf, har Inna tana sa masa albarka. Da tukunya ta fara tafasa sai ya miƙe, ya cire takalminsa, ƙaton takalmin taya, ya wurga shi ta kan katanga, ya ɗaga murya ya ce, "Ke Kande, in ba ki tsare kajinki ba sai na sha romonsu." Su kuwa gidan Liman ne a bayan katangarsu. Babu Kande a gidan, babu kaji, sai Liman da ke zaune yana alwala, takalmin ya kifar masa da buta. Inna ta yafa mayafi ta shiga ba da haƙuri, kunya kamar ta nutse. Amma fa awarar ta yi kyau, ta kama jikinta, fara tas. Nomau ya dube ta ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe sai da takalmin take kamawa."

Wata rana Inna ta yanka awarar gunduwa-gunduwa, ta soya ta yi ja, ta baɗe da yaji. Sai zuciyarta ta ƙi kwanciya, tana tsoron ta kai wa Baba ya gane. Ta cika faranti ta ce, "Nomau, fita da wannan a ɗanɗana, ka tambayi kowa ko ta yi kama da nama." Ita matan gida biyu na kusa take nufi. Shi kuwa kowa aka ce masa. Bai dawo ba sai da rana ta karkata, faranti wayam, ya zauna ya fara kawo rahoto.

"Liman ya ce halal ce dai, wannan ya tabbatar, amma maganar daɗi a bar wa Allah. Kuma ya ce in gaya miki butar ta tsage."

"Har gun Liman ka koma?"

"Iya Yalwa, wadda ba ta da haƙori, ta ce wannan ta fi nama mutunci, shi nama faɗa yake yi da dasashinta. Ta ce a ƙaro mata. Wani direba a tasha ya ce a birni har a leda ake sayar da irinta, a murɗe ta doguwa kamar yatsa, waɗanda suka daina cin nama su saya. Ya ce ya taɓa ci, bakinsa ya ce nama, cikinsa ya ce wake. Matar mai shayi ta ce in an rufe ido an yi sauri za ta wuce. Karen tasha ya shinshina ya tafi, shi bai ce komai ba."

Inna ta dafe kai. "Ba ka dai je rumfar mahauta ba ko?"

"Na je. Sambo mai tsire ya ce katifa ce aka soya. Amma yana faɗa yana ɗauka, shi ya cinye ragowar. Na gaya musu ta Baba ce, za a ce masa nama ne."

Kafin magariba abokan Baba na rumfa suka zo dubiya, suna dariya tun daga zaure. "Barmo, ashe katifa za a ba ka?" Da suka tafi tsohon ya kira Inna. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi da ta fi jin daɗi. Ya ce, "Ni za a yaudara da nama? Ni da nake sanin saniya daga tafiyarta? Don na kwanta shi ke nan na zama jariri?" Daga ranar ko kokon da yake ɗan kurɓa da safe ya daina. Muryarsa ta koma ƙasa-ƙasa, in zai tashi zaune sai Nomau ya ɗaga shi, kuma Nomau yana jin yadda kullum yake ƙara rashin nauyi a hannunsa.

Wata rana Inna ta ce za ta gwada na ƙarshe. Ta ce ƙila yankan ne ya tona ta, gunduwa-gunduwa kamar sabulu, wa zai ce wannan nama ne. Ta sa Nomau ya yi babban curi, ta tsaya a kansa ta riƙe masa takalmi har aka gama. Ta naɗe curin a ƙyalle ta ce, "Ka kai wa wanda ya fi kowa iya yankan tsire a garin nan, ya yanka mana falle-falle ya soke a tsinke. Ka bi ta ƙofar baya." Sambo take nufi, wanda ya gaji tukubar kasuwa.

Nomau ya fita ta ƙofar baya. Ya tsaya a lungu yana lissafin masu yanka na garin ɗaya bayan ɗaya, don kada ya sake yin kuskure. Sai ya zagaya gidan, ya shigo ta zaure, ya yi sallama a ɗakin Baba.

Baba ya ce, "Mene ne a ƙyalle?"

"Awara ce."

"Fitar min da ita."

"Inna ta ce in kai wa wanda ya fi kowa iya yankan tsire a garin nan."

 Tsohon ya juyo daga bango. "Ita ta faɗi haka?"

"Ita."

"Ba Sambo ta ce ba?"

"Ba ta faɗi suna ba. Ni dai na duba, kai ne."

"Sambo," in ji Baba, ya ja tsaki. "Mai yanka kamar da gatari. Ɗaga ni. Ɗauko min wuƙata a cikin jakar can."

Nomau ya jingina shi a bakin ƙofa, ya kawo katako. Da tsohon ya sa wuƙa, yankan farko ya marmashe. Ya harari awarar kamar ta zage shi. "Ba ta da jijiya, ba ta da hanya, ko ta ina ka bi ɗaya ne. Wannan sai da lallashi." Ya kwantar da wuƙa ya bi a hankali, falle ya fito siriri, bai karye ba. Ya sake wani. Sai ga shi yana ba da umarni kamar a rumfa, a kawo tsinke, a kawo ƙuli, a kawo citta, a kawo mai, a hura garwashi ba wuta mai harshe ba. Nomau na ta gudu yana kawowa, ranar duk abin da aka ce masa a fili yake.

Ƙamshi ne ya fito da Inna daga madafa. Ta ga abin da ke faruwa, ta buɗe baki za ta yi wa Nomau faɗa, sai ta rufe.

Shi mai tukuba ba ya sallamar tsire bai ɗanɗana tsinken farko ba, ka'idar sana'ar ce. Baba ya zare ɗaya ya tauna, ya ɓata fuska. "Citta ta yi kaɗan." Ya ƙara, ya gasa wani, ya ci. "Wannan wuta ta yi masa yawa." Ya janye garwashi, ya ci na gaba. "Ƙulin bai kama ba, mai ya yi kaɗan." Haka ya yi ta gyara yana ci, yana ci yana kushewa, tsinkaye na taruwa a gefen tabarma. Inna ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi, kada ya lura.

Da ya ɗauki na ƙarshe ta kasa daurewa, ta ce a hankali, "Malam, ta yi kama da nama?"

"Ko kusa. Wanda duk ya ce miki wannan nama ne maƙaryaci ne." Ya lashe yatsa. "Amma tsire ne, tunda ni na yi shi. Akwai sauran tuwo?"

Inna ta juya da sauri ta nufi madafa. Nomau ya bi ta ya ce, "Inna, yau ma na yi ba daidai ba ko?" Ta share ido da bakin zani ta ce hayaƙi ne, ta miƙa masa kwanon tuwo ta ce ya kai, ya ajiye, kada ya ƙara komai.

Matan da suka ba ni labarin sun ce daga baya Sambo da kansa ya zo zauren ya tsuguna, ya ce wai a ɗan ba shi ya ji, Baba kuwa ya dube shi sama da ƙasa ya ce... kai, ku yi haƙuri masu karatu, ga Yayata can tana ƙwala min kira, na bar wake a kan wuta tun ɗazu, bari in je kafin ta