Ranar da Wayar Malam Danladi Ta Tona Mini Asiri

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Laraba a wani ɗakin taro a Kontagora. Lokacin ni ne sakataren kwamitin masu buƙata ta musamman. Wata jami'a daga ofishin jakadancin wata ƙasa ta zo daga Abuja da tafintanta, ta ji irin tallafin da muke so kafin a sa hannu a takarda.

Takardar ni na rubuta. Na ce a raba wa makafi rediyo, don a ganina me makaho zai yi da babbar waya? (Ban tambayi makaho ko ɗaya ba. Da fankar ofis kaɗai na yi shawara.)

Malam Danladi, malamin firamare daga Sahon Rami kuma shugaban ƙungiyar makafi, ya miƙe ya ce sam. Ya ce rediyo gaya maka magana take yi, ba ta kai taka ko'ina. Su waya mai karanta rubutu suke so, da horo, da doka da za ta hana ofisoshi turo sanarwa a hoton takarda, tunda waya ba ta iya karanta musu hoto. Baƙuwa sai rubutu take yi, Ciyaman ɗin kwamitinmu kuwa sai hararata yake yi.

Sai na sunkuyar da waya ƙarƙashin tebur na rubuta wa Ciyaman: "Yallaɓai, ƙyale shi ya gaji. Takardarmu zai sa wa hannu, ai ba gani yake ba." Garin sauri, ashe guruf ɗin kwamiti na tura.

Daidai lokacin Malam Danladi ya cire abin kunnensa ya kara wayarsa a makirufo, don ya nuna wa baƙuwa yadda take aiki. Ya ce ga ma saƙo ya shigo, bari kowa ya ji. Wayar ta fara da sunana, har da na mahaifina. Sannan ta karanto saƙon da muryar Baturiya, tana karya Hausar, amma babu kalmar da ta ɓace.

Ciyaman ya shiga gyaran hula. Baƙuwa ta tambayi tafinta me aka ce, shi kuma ya dube ni, ya dubi silin. Na riga na hango takardar dakatarwa a kan teburina.

Malam Danladi ne ya amsa mata, da Turanci, a natse: "Sakatarenmu ne yake tuna mana cewa ba na gani, saboda haka zai karanta mini takardar duka kafin in sa hannu."

Baƙuwa ta yaba mini, har da tafi. Haka na miƙe na karanta shafi shida. Duk inda na ce rediyo sai ya ce, "Sakatare, dakata," a goge a gyara.

Da aka tashi na same shi zai hau keke napep, na ce Malam ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in an fara horon in zo in zauna a layin gaba, don ga alama tura saƙo na ba ni wuya.

Na je kuwa. Tun daga ranar ban ƙara yanke wa mutum abin da bai iya ba sai na tambaye shi. Gulma kuma na daina rubuta ta, da baki nake yi.