Ranar da Na Zauna a Kan Jirgin Marigayi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da na tsufa na manta hanyar gidana. Ba wata babbar ƙara ba ce. Ƙas-ƙas ce kawai, irin wadda ake ji idan an taka busasshen kara. Amma daga ƙarƙashina ta fito, a tsakiyar filin jirgi, a gaban matar abokina da ya rasu, da 'yarsa, da jama'ar da suka zo rakiya.

Bari in fara da yabon kaina, tunda shi ya kai ni. A Gaithersburg, garin da nake zaune a ƙasar waje, da kewaye an san ni da abu ɗaya, wato ɗaurin kaya. Duk wanda zai tafi gida ni ake kira. Ina da ma'aunin hannu, ina da igiya da salatif, na san yadda ake cusa safa cikin takalmi, a cusa takalmin cikin tukunya. Idan kuma zif ya ƙi rufuwa, sai in tattare riga in zauna a kan jakar, ba ta taɓa gagara ta ba. (Matata Hadiza takan ce da ina kula da gidana yadda nake kula da akwatunan mutane, da ta huta.)

Abokina Injiniya Sunusi a Fort Washington yake zaune, kuma yana da wani wasa da muke yi masa dariya a kai: tashin jirgin leda. Mu dai mun san jirgin leda tun muna yara, tsinken tsintsiya da baƙar leda da zare. Nasa ba haka yake ba. Idan ya haɗa shi, faɗinsa ya fi tsawon mutum. Igiya biyu gare shi, da su ake juya shi a sama, ya yi ƙundumbala, ya sauko kamar zai faɗi, ya sake cillawa. Yadin da kansa ya yanka, ya ɗinka da keken matarsa, ya yi wa sunan 'yarsa Nabila aiki da jan zare a fiffike ɗaya. Duk Asabar ɗin da aka samu iska suna bakin kogi su biyu. Mu kuwa sai mu ce, "Injiniya guda, da furfurarka, kana bin leda da gudu?"

Akwai ranar da ya nuna mini yadda yake tafiya da shi a jirgin sama. Yakan zare wasu siraran baƙaƙen sanduna da ke riƙe da yadin, ya jera su, ya naɗe yadin a kansu, ya zura cikin wani bututun roba irin na ruwa, ya toshe kowane baki da soso, ya murza murfi. Ya ce, "Sandunan nan su ne ƙashinsa. Iska ba ta karya su, amma ka danne su daga gefe, shi ke nan sun tafi." Na ce "to, to," idona yana kan waya.

Sai ga shi wata safiya an kira ni, Sunusi ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. A nan muka binne shi, cikin sanyin da ƙasa ma da ƙyar ta haƙu. Da matarsa Hajiya Rabi ta fita takaba, ta ce ita kam ba za ta iya zaman ƙasar nan ba, Kano za ta koma da Nabila. Yarinyar shekararta goma sha huɗu, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, ni kuma Ankul take ce mini. An ce ta zaɓi abin da za ta tafi da shi. Ta bar kekenta, ta bar littattafanta, ta ce jirgin Abbanta kawai. Da hannunta ta naɗe shi yadda ya koya mata, ta rufe bututun, ta kawo mini garejinsu inda nake fama da jakunkuna.

To, mun dai san halinmu. Da an ji wani zai tafi gida, ba a tambayar biki zai je ko makoki, sai saƙo. Masu zuwa sallama kowa da 'yar ledarsa a hannu: wannan magani ne na tsohuwa, wannan waya ce ta ƙane, "babu nauyi" in ji kowa. Ni da nake jin haushinsu a fili, nawa yana ɓoye a but ɗin mota. Surukata ta daɗe tana yi mini gorin turare, na kuwa sayo mata kwalabe masu kyau. Hadiza ta ce, "Don Allah kar ka ɗora wa baiwar Allahn nan saƙo, ka bar ta da abin da ke damunta." Na ce ai ni ma na san ya kamata.

Da yamma aka bar ni ni kaɗai a garejin. Kwalba dai fashewa take yi, jakunkunan kuma duk na yadi ne. Ina cikin wannan tunani idona ya sauka kan bututun. Na ce a raina, jirgin leda ne fa, tsinke ne da ƙyalle, me zai same shi? Na zare shi, na kwantar da shi a karkace cikin babbar jaka tsakanin zannuwa da bargo, har ina gaya wa kaina nan ya fi soso laushi. Kwalaben kuwa na sa kowace cikin safa, na jera su a bututun, na murza murfi. Shirina shi ne in kira ƙanen Hadiza ya tarye su a Kano ya musanya kafin yarinyar ta lura. (Ta yaya zai musanya? Ban tsaya na tambayi kaina ba. Gwani ba ya tambaya.)

Washegari muka yi jerin motoci zuwa filin jirgi. Na saɓa bututun a kafaɗa kamar soja, ban bari kowa ya taɓa ba. Nabila ta miƙo hannu, na ce ta huta abinta, Ankul na nan.

Muna kan layin awon kaya sai ga Alhaji Isufu, wani direba ɗan Maraɗi, ya shigo da sauri yana haki, da ƙatuwar leda. Ya durƙusa ya gaida Hajiya Rabi, ya ƙara yi mata gaisuwa, sannan ya ce, "Bon, Hajiya, ɗan koli ne, ɗan ƙunshin saƙo dai, takalman yara. Wani na zuwa daga Maraɗi shi amsa a Kano. Babu nauyi wallahi."

Hajiya Rabi ta sunkuyar da kai. Yaya za ta ce a'a? Mutumin nan yana cikin waɗanda suka wanke mijinta. Sai kowa ya juyo yana kallona, ni kuma kaina ya ƙara girma. Na jingine bututun da bango, na buɗe babbar jakar, na tura ledar ta sama. Zif ya zo rabi ya tsaya. Wallahi a wannan lokacin na manta abin da na kwantar a ciki, jikina ne kawai ya yi abin da ya saba. Na tattare riga na zauna da dukkan nauyina.

Ƙas.

Nan take na tuna abin da ke ciki. Amma Alhaji Isufu yana riƙe da zif yana cewa, "Ƙara kaɗan, Alhaji, saura kaɗan!" Ni kuma, don kar a ce gwani ya kasa, na ɗaga na sake dannawa. Ƙas-ƙas. Zif ya rufe.

"Mi ya karye?" in ji shi.

Na ce, "Biskit ne."

Ban lura ba, ashe Nabila ta je ta ɗauki bututun da na jingine. Jirgin Abbanta ko yaro na goye zai iya ɗaga shi. Ta ɗaga, ta tsaya cak. Ta ɗan girgiza shi, aka ji ƙwal-ƙwal. Ta murza murfin, ta karkata bakin, sai ga safata ta sulalo tafin hannunta da kwalbar turare a ciki. (Safar ma mai huji a dunduniya. Hadiza ta gane ta kafin ta gane kwalbar.)

Yarinyar ta dube ni, ina nan zaune a kan jaka kamar wanda aka dasa. Tun da aka haife ta ban taɓa jin Hausa a bakinta ba bayan gaisuwa, amma ran nan da Hausa ta yi magana, a hankali, tana zaɓen kalmomi.

"Baffa, ina jirgin Abbana?"

Ta sauke idonta kan abin da nake zaune a kai.

"Tashi."

Yarinya ƙarama ta ce wa babba ya tashi, a gaban dattawa, kuma babu wanda ya tsawata mata. Na tashi. Ta buɗe jakar a tsakiyar mutane, ta ɗaga zannuwan. Sandunan sun kakkarye, tsagin ɗaya ya huda yadin ya keta shi, ya bi ta tsakiyar sunanta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Maimakon in yi shiru, sai borin kunya ya sa na ce, "Kar ki damu, za a sayo wani, wanda ma ya fi shi."

Hajiya Rabi ta ɗago. Da ta zage ni da na ji sanyi. Sai ta ce, "Ya isa, Alhaji. Allah ya saka da alheri, an gode da ɗawainiya."

Nabila ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ta durƙusa ta zazzage kwalaben, ta jera su a gaban ƙafafuna. Ta tsince karyayyun sandunan har da 'yan ɓurɓushin da suka maƙale a bargo, ta naɗe su cikin yagaggen yadin yadda ya koya mata, ta zura a bututun, ta mai da soso, ta murza murfi. Da kanta ta kai shi wurin masu awon kaya. Da suka zo shigewa ta rungume Hadiza, ta gaida Alhaji Isufu, ni kuwa ta wuce ni kamar turken fitila.

Na koma mota da kwalabe a cikin ƙasan rigata suna ƙwal-ƙwal, mutane suna kau da kai don su rage mini kunya. Da muka isa gida na kashe mota, Hadiza ta ce, "Ni za ka bari in gaya wa Umma dalilin da turarenta bai je ba, ko kai za ka gaya mata?"

Daga baya na nemo masu sayar da irin sandunan, na saya, na sa a sabon bututu, na aika. (Ta hannun wani matafiyi mana. Saƙo dai, ban daddara ba.) Hajiya Rabi ta kira ta yi godiya. Na tambaya ko an gyara. Ta ce a'a, na Abban Nabila yana jingine a bayan ƙofar ɗakin yarinyar, nawa kuma yana sito ba a buɗe ba. Yanzu Hausar Nabila ta nuna, nakan ji su suna hira da Hadiza a waya har da dariya. Idan aka ce ga Baffanki, sai ta koma Turanci, ta gaishe da Ankul a taƙaice, ta ce tana da karatu.

Na ba da kyautar ma'aunin, na daina ɗaure wa kowa kaya. Kwalaben suna nan a garejina, na kasa aikawa, na kasa shafawa. Abin da na koya ba shi da yawa, kuma a makare na koye shi: idan mutum ya rufe abu da hannunsa ya ba ka, kai ɗan dako ne, ba gwani ba. Kuma kafin ka zauna a kan kayan mutane, ka tuna abin da ke ciki.