Nomau Ya Kai Haruffa Shan Iska

A ƙauyen Tsamiya Biyu akwai wani mutum, Nomau. Zuciya kam Allah ya ba shi mai kyau, kan ne ba a cika masa ba. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Matarsa Kuluwa ce ke riƙe da gidan da sana'ar hannunta. Takan yanka kwali mai kauri ta fitar da taurari da haruffa, ta shafe su da fenti mai ruwan gwal, ta jera musu 'yan duwatsun nan masu ƙyalli irin na jikin leshi, a manna a katin biki. In ka gani sai ka rantse daga hannun maƙerin zinari suka fito.

To, Hajiya Turai mai shagon atamfa za ta aurar da 'yarta Sa'ade. Ta bugo waya ta ce a yi mata katuna, da babban allo mai sunan ango da amarya wanda za a rataya a wurin biki. Kuluwa ba ta taɓa samun aiki irin wannan ba. In ya yi kyau an san hannunta ke nan, in kuwa ya ɓaci, Hajiya Turai ba mai rufe baki ba ce.

Wata rana duwatsu suka ƙare. Kuluwa ta ce, "Malam, samo mini duwatsu, ƙanana, masu ƙyalli." Sai la'asar ga shi da buhun tsakuwar rafi a ka, wando jiƙe har gwiwa. Ya ce, "A cikin ruwa suna ƙyalli. In sun bushe sai ki riƙa yayyafa musu." Ta dube shi, ta dubi buhu, ta ce, "Sannu da aiki." Da su aka cike ramin ƙofar gida.

Wata rana za ta shiga maƙwabta barka, ta ce, "Ga taurari nan na yanka, ka sa musu ruwan gwal kafin in dawo." Nomau ya ɗauko ɗan kunnenta na gwal ya jefa a kwanon ruwa, ya jira, sannan ya tsoma taurarin ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo ta tarar kwali ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Ya ce, "Gwal ɗin ya ƙi saki. Ina jin na jabu ne."

Ta ce, "Malam, kai ka sayo mini shi."

Wata rana, saura kwana biyu biki, ta gama haruffan allo, SA'ADE da RABI'U, kowanne ya sha gwal da duwatsu. Gam bai bushe ba, ta jera su a faifai ta ce, "Malam, fitar da su su sha iska." Ta fito daga madafa, ba Nomau ba faifai. Ta duba soro, ta duba bayan gida. Aikin sati biyu ne, kuma fenti saura kaɗan a gwangwani. Ta zauna bakin ƙofa, tuwo ma a tukunya ya ƙone.

Can ga shi tafe, hula a karkace, faifai a hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Ta ƙirga haruffa, ba wanda ya ɓata.

Ya ce, "Sun sha sosai, har tasha muka je. Rabi'u mai shayi ma ya karanta su. Ya ce a gaishe ki, ya gode da kika tuna da shi, amma tun bayan salla Sa'ade ta ce ba ta yi da shi. Sabi'u tela ne angon."

Kuluwa ta dafe ƙirji. Ranar da Hajiya ta bugo, waya na yankewa, ƙarshen sunan angon kawai ta ji, ta cike da wanda kowa ya san yana zuwa zance wurin Sa'ade. Da an rataya wannan allo a gaban dangin ango, ko ƙofar gida ba za ta ƙara iya leƙawa ba.

Ta cire harafin farko na sunan ango, ta yanka sabo, sauran fentin ya isa daidai. Tana jera duwatsu tana hamdala. Nomau ya tsuguna gefenta, ya miƙa hannu.

"Shi wannan bai sha iska ba."

Ta janye faifan ta ce, "A'a, Malam. Wannan a gida zai sha."