Tsohuwar Da Ake Auna Gari Da Ita

A wani gari, wai shi Zarce-Sa'a, kakanni sun bar wata al'ada. Duk shekara bayan girbi, Sarkin Igiya yakan ɗaura igiya a ƙofar Mai Gari, ya ja ta har gidan ƙarshe, a sanar da tsawon gari a kasuwa, kowa ya kama gabansa. Gidan ƙarshen nan nawa ne. Sunana Tabawa. Ban yi boko ba, amma na san rijiyata. Marigayi maigidana ne ya haƙa ta da hannunsa, ko a bazara ruwanta ba ya ja da baya. Wajenta nake so a mayar da ni, kuma ba roƙo nake yi ba.

Abin da ya jawo mini masifa maƙwabcin gari ne, Sai-Mun-Fi. Garuruwan nan biyu kamar an tsaga kara. Su ma da igiyarsu, su ma da tsohuwarsu ta ƙarshe. Wata shekara labari ya zo cewa igiyarsu ta fi tamu da abin da bai kai zanen ɗaurawa ba. Mai Gari Alhaji Ɗanfaɗi ya ture kwanon tuwo, ya kira Majalisar Gyaɗa-Kai.

Wakilin Dabara ya ce, "Ranka ya daɗe, gina gari sai an shekara ana fama. Ɗage Tabawa kuwa, hantsi ɗaya ya isa."

Majalisa ta gyaɗa kai. Aikinta ke nan.

Washegari akori-kura ta tsaya a ƙofata. Aka loda ni da akuyata da turmina, aka sauke mu a tsakiyar sabara, aka kafa mini kwanon rufi a kan sanduna.

Sarkin Igiya ya ce, "Inna, an karrama ki. Daga yau ke ce ci gaban gari."

Na ce, "Shi ci gaban ba ya shan ruwa?"

Ya ce, "Ana nazari."

Kafin damina dillalan filaye sun yanka duk dajin da ke bayana. Aka yi Unguwar Sai-An-Kawo, aka yi Rukunin Gidajen Masu-Zuwa. Katanga ta fi ta kurkuku, ƙofa ta ƙarfe, maigadi zaune da gora yana tsaron ƙadangaru. Masu gidajen suna can cikin gari suna haya, don daga nan idan mutum ya fita neman gishiri, kafin ya dawo miya ta yi tsami. Da wani ya kafa tubali gaba da bukkata, sai akori-kura ta dawo, tunda ba ya yiwuwa a wuce gidan ƙarshe. Da Sai-Mun-Fi sun ji an ɗage ni, su ɗage tasu. Da namu sun ji, su sake ɗage ni. Akuyata ta kai idan ta ji ƙarar mota, da kanta take hawa baya.

Da na gaji, na ɗaura ɗamara na tafi kai ƙara. Na hau babur, na hau keke mai ƙafa uku, na hau bayan motar yashi. A hanya na ga rijiyata. An rufe bakinta da siminti, an ɗora mata gunkin guga, an zagaye ta da shataletale, motoci suna ta kewaya ta kamar masu neman tabarraki. A Ofishin Mun-Ji na tarar da wani mai ƙaton tumbi yana ɓare gyaɗa.

Ya ce, "Inna, koken ƙarshen gari a ofishin ƙarshen gari ake kai shi."

Na ce, "Yana ina?"

Ya ce, "Kusa da ke za a gina shi. Ke ce kin ƙi zama wuri ɗaya."

Na gaya masa abin da ya sa gyaɗar ta sarƙe shi. Ba zan maimaita ba, jikokina suna jin magana.

Ɗagewa ta ƙarshe, da aka sauke ni sai bayan bukkata ya jingina da bayan wata bukka. Na leƙa, na ga tsohuwa da tunkiya da turmi. Yalwa ce, ta ƙarshen Sai-Mun-Fi.

Na ce, "Baiwar Allah, ku da kuka fi mu, kuna da ruwa?"

Ta ce, "Muna da famfo. Ku fa?"

"Mu muna da fitilun titi."

"Da titi?"

"Shi ne ba a kawo ba."

Ta ce, "Mu an kawo titin. Gada ma an yi mana, kogin ake jira."

Muka zauna muka tankaɗe garuruwan nan tas. Nasu sun fi son gilashi, namu sun fi son tayil. Kasuwarsu an gina ta inda ba mutane, mutanenmu an kai su inda ba kasuwa. Ban da wannan, ko uwar da ta haife su ba ta bambanta su.

Amma igiya ta haɗu da igiya, daji ya ƙare, babu inda za a ƙara tura mu. Majalisun biyu suka shiga uku. Sai-Mun-Fi ne suka fara samun mafita, suka ce gari na zamani sama yake yi. Aka kawo tsani aka ɗora Yalwa da tunkiyarta a kan tankin ruwan da bai taɓa ganin ruwa ba. Yanzu da ihu muke gaisawa.

Alhaji Ɗanfaɗi ya sake ture tuwo. Wakilin Dabara ya ce Zarce-Sa'a ba ta kwaikwayon kowa, su sun yi sama, mu ma da namu wajen. Majalisa ta gyaɗa kai.

Jiya da hantsi Sarkin Igiya ya zo, fuska sai sheƙi, da sabuwar igiya a kafaɗa. Bai auna hanya ba. Ƙuguna ya auna.

Ya ce, "Inna, albishirinki. An duba kokenki. Gobe za a mayar da ke rijiyarki, har an cire murfin."

Na ce, "To ita igiyar fa, a ina za ku ɗaura ta?"

Ya ce, "Wannan karon daga sama za mu riƙe."