Yadda Na Zama Marigayi a Kakuri

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka raɗa mini suna Marigayi, alhali ga ni da raina, da tumbina, da haƙorana talatin da biyu.

Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙa wani ɗan China mai kamfanin roba a Kakuri, inda ake buga bokitai da butoci. Oga Liu muke ce masa. A wannan zaman na koyi kalmomin China guda huɗu, kuma da su na zama farfesa a majalisarmu ta Unguwar Mu'azu. Ko rediyo ce ta lalace, in dai an ga rubutun China a jikinta, ni ake kawo wa in duba (nakan juya ta sau biyu in ce batir ne).

Sai mahaifin Oga ya rasu can ƙasarsu. Kafin ya haɗa takardu ya samu jirgi, an riga an yi jana'iza. Mutumin da ke yi mana ihu tun daga bakin get, sai ga shi ya yini a kulle a ofis. Rannan a mota ya ce da ni, da Hausarsa mai tafiya da sanda, “Asabar, kwana bakwai. Baba zai ci abinci. Ni zan dafa. Ka zo.”

Na ce a raina, ashe su ma suna sadakar bakwai! To ai nan fagena ne. Ni da ba a taɓa raba wainar sadaka a unguwarmu ba ni a layin gaba ba.

Ranar da safe ni na je kasuwa na zaɓo kaza, aka yanka a gabana, na kai gidan Oga, na koma in yi wanka. Ina cikin shiri Madam Saratu ta kira ni. Ita ce mai dafa wa Oga abinci, 'yar Kagoro ce, bakinta ya fi wuƙarta kaifi.

“Malam, ka sa fararen kaya. Kuma in ka zo, akwai abin da zan faɗa maka kafin ka shiga falo.”

Na ce, “Haba Madam, ni za ki koya wa China? Lokacin da na fara aiki da su ke ko taliyarsu ba ki iya tafasawa ba.”

Ta ce, “To, farfesa.” Ta kashe.

Na zuba farar shadda, sannan na ɗora jar dara a ka, don na tuna a bikin sabuwar shekararsu komai ja ne. (Daga baya na ji cewa ja kayan murna ne, ba a kusantar makoki da shi. Wato tun daga hula na fara.)

Na iso bayan azahar, na makara. Tsakar gida ba kowa, sai hayaƙi ke tashi daga bayan gida. Na leƙa falo na yi sallama, shiru. Amma ga tebur an shirya shi kamar za a karɓi gwamna: hoton tsohon a tsakiya, turaren tsinke uku suna ci, lemo an jera, ƙananan kofunan shayi uku, ga kazata ta yi jawur tana sheƙi. Kwanon shinkafa ɗaya, an soke tsinkayen cin abinci a tsakiyarsa a tsaye. Kujera ɗaya tak, an ɗan jawo ta baya. A jikin butar shayi kuma an jingina waya, da hoton wata tsohuwa cikin fararen kaya, ba ta motsi.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, me za ku fahimta? Kowa ya ci nasa, an ajiye wa wanda ya makara. Har na ji ƙwalla, na ce Oga yana cikin wannan hali amma bai manta da ni ba. Kuma a wurinmu ƙin cin abincin sadaka ai rowar lada ce ga mamaci.

Na zauna. Na zare tsinkayen na ajiye gefe, don ni da su ba ma ga maciji. Na yi bisimilla na fizge cinya. Gishiri ya yi yawa, har kunnena ya yi ƙara, amma na ce ba a kushe sadaka. Na kora da shayi, kofi ɗaya, na biyu, na uku, ina mamakin ƙanƙantar kofunan mutanen nan.

Cinyar tana bakina hoton tsohuwar ya motsa.

Jama'a, ashe ba hoto ba ne. Kiran bidiyo ne, netwok ne ya tsaya kamar yadda ya saba, sai a lokacin ya ga damar dawowa. Tsohuwar ta ƙwalla ƙara. Kawuna suka cika wayar, kusan mutum dubu (to, bakwai ne), duk cikin farare, ga wani mai doguwar riga rawaya riƙe da ƙararrawa, ya tsaya da kaɗawa baki buɗe. Ni kuma don ladabi na ɗaga musu ƙashin na faɗi ɗaya daga cikin kalmomina huɗu. Ina jin “na gode” ce.

Madam Saratu ce ta fara shigowa a guje. Ta dafe kai.

“Yesu! Malam, abincin Baba ka ci?”

“Wane Baba?”

Ta nuna hoton. Cikin raɗa, kamar mai karanta mini hukunci, ta ce a addininsu na Tawo, ran kwana bakwai mamaci yakan dawo gida ya yi sallama. Sai a dafa masa abin da yake so, a ja masa kujera, kowa ya fita don ya ci a natse. Su suna bayan gida suna ƙona masa kuɗin bogi na takarda, guzurin lahira. Tsohuwar mahaifiyar Oga ce, mai rawayar riga malaminsu ne. Ta fizge hular daga kaina ta cusa a zaninta.

Sai ga Oga a bakin ƙofa, hannunsa duk toka. Ya dubi kujerar, ya dubi kazar mai ƙafa ɗaya, ya dube ni. Mutumin bai samu ya binne ubansa ba, wannan kwanon ne kaɗai abin da ya rage masa ya yi masa, ni kuma na zauna a kai. Na fara lissafin yadda zan gaya wa uwargida cewa kaza ta kore ni daga aiki.

Ya tako a hankali ya ce, “Yaya abinci?”

Ina da amsoshi ɗari masu kyau. Amma tsoro ya kwance mini baki, na ji kaina ina cewa, “Oga... gishiri ya ɗan yi yawa.”

Madam Saratu ta rufe ido. Oga ya ɗauki wayar ya faɗa wa tsohuwar wani abu da yarensu. Can sai ta rufe baki da hannun riga, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta haɗu da kukan. Oga ya zauna a ƙasa dirshan, yana dariya hawaye na zuba.

Da ya samu numfashi ya ce, “Shekara talatin, duk abin da na dafa, Baba ya ce gishiri ya yi yawa. Yau na ce, wa zai faɗa mini?”

Ya tashi ya zuba sabuwar shinkafa, ya juya kazar ta ɓangaren da ke da cinya, ya sake cika kofunan, muka fita gaba ɗaya muka ja ƙofa. Ni aka ba aikin tura takardu cikin wuta, ina jin don a ga hannuwana.

Ban rasa aikina ba, sunana na rasa. Kafin Litinin Madam Saratu ta gama da ni a kamfani. Yau ko maigadi in ya buɗe mini get sai ya ce, “Marigayi, an iso lafiya?” Oga kuwa in ya yi girki yakan aiko mini da ɗanɗano, wai a kai wa Baba ya duba gishiri.

Yanzu ko a gidan surukaina aka ajiye mini kwano, sai na tambaya sau biyu ko mai shi yana da rai. Sannan in leƙa bayan butar shayi.