Ranar Da Na Shafa Wa Kwamfuta Man Kaɗe

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini duk sauran ranaku. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ina aikin buga takardu a ofishin wata makarantar 'yan mata can wajen Ƙofar Durɓi. Ni kaɗai ce a makarantar na yi kwas ɗin kwamfuta (na wata uku ne kacal, amma yadda nake ɗaga kai sai ka ce ni na ƙera ta). Dalilin haka Hajiya, shugabar makarantarmu, ta ɗauke ni daga kan tafireta ta damƙa mini tsohuwar kwamfutar ofis.

Kwamfutar nan akwai nawa. Sai in kunna ta, in je in gaisa da malamai har da tambayar mutanen gida, in dawo tana nan tana nishi. Ga shi ranar ce ta ƙarshe ta miƙa sunayen 'yan ajin ƙarshe don jarrabawar fita, a cikin faifai, kafin la'asar. Yarinyar da sunanta bai shiga ba sai baɗi. Sunayen duk suna cikin kwamfutar, saura aji ɗaya.

A sito akwai wata da ta fi ta sabunta, wadda wuta ta ƙona. Malam Kabiru mai gyara, ɗan Ƙofar Guga, ya taɓa cewa furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, ta tsira, kuma za ta shiga tamu ta ƙara mata gudu. Ya ce zai zo ya sa, har wata biyu shiru. Na ce a raina, mene ne a ciki? Ai na ga yadda ya buɗe ta. Ashe gani ga wane bai isa ilimi ba.

Na kulle ƙofa, na kwance su duka biyun da wuƙar fiƙe fensir. Na ciro ƙwaƙwalwar, 'yar ƙarama mai ƙafafu kamar allurai, na ɗana ta a gurbin tsohuwar, ta zauna daram. Sai na lura da wani farin abu busasshe a bayanta, da kuma ƙasan ƙarfen nan mai fanka da ake ɗora mata. Na ce oho, kashin tsaka ne, shi ya sa injuna ke lalacewa a hannun maza. Na sa gefen gyalena na goge shi tas, har ina ganin fuskata a jikin ƙarfen.

Da na kunna, tubarkalla, kamar walƙiya. Na buga suna bakwai. Ina kan na takwas sai ɗif, ta mutu. Na sake kunnawa, minti kaɗan ta sake ɗaukewa. Na taɓa wurin, zafi kamar tandar waina. Sai a lokacin na tuna malamin kwas ɗinmu ya taɓa ambaton wani mai da ake shafawa saboda zafi (ranar ina can baya ina hira). Wato abin da na goge ba ƙazanta ba ne.

To mai dai mai ne, in ji wautata. A jakata akwai ɗan gwangwanin man kaɗe da nake shafa wa kaushi. Na lakato, na shafe wa ƙwaƙwalwar baya da kyau kamar jaririya bayan wanka, na mayar da fanka, na yi bismilla.

Ba a yi minti biyar ba ofishin ya gauraye da ƙauri. Allon ya yi baƙi, wannan karon ta ƙi tashi sam. Na duba agogo, ƙarfe ɗaya saura. Ina ta lissafo fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya, da iyayen da za su cika harabar nan in aka ce 'ya'yansu sai baɗi. Wallahi na yi kuka. Na maida murfi, na ɓoye wuƙar, na je na ce wa Hajiya kwamfuta ta mutu haka kawai. Ta tambaye ni ko an taɓa ta, na ce ko kusa.

Aka aika ɗan acaɓa ya ɗauko Malam Kabiru. Kafin ya iso malamai sun cika ofishin, kowa na jajantawa, ni kuwa ina gefe ina karɓar jaje kamar mutuniyar kirki. Ya gama gaishe-gaishensa a tsanake, ya buɗe, ya ɗaga fankar. Man ya narke ya gangaro. Ya dangwala yatsa, ya kai hanci, ya dube mu.

"Hajiya, ko an yi haihuwa cikin kwamfutar nan ne?"

Hajiya ta matso ta shinshina. Ta juyo ta dube ni. Abin da ban faɗa muku ba, ita ce ta kawo mana man nan tsaraba daga tafiya, ta raba wa mata ma'aikata, kuma a ofishin nan ni kaɗai ce mace mai mabuɗi.

"'Yar nan, don ƙafarki na ba ki," ta ce.

Da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja murfi. Dariyar da aka yi har ajin da ke maƙwabtaka sai da suka leƙo.

Allah ya rufa asiri, ƙwaƙwalwar ba ta ƙone ba. Malam Kabiru ya share awa guda yana goge maiƙo, ya ɗiga nasa man na gaskiya, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Na ƙarasa sunayen Hajiya na tsaye a kaina, aka kai faifan ana kiran la'asar. Ba ta kore ni ba. Ta dai ce man bai ɓata mata rai ba kamar "ko kusa" ɗin nan, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Yaran nan yanzu wasu malamai ne, wasu ma'aikatan jinya, in mun haɗu a biki har yau Injiniya suke ce mini. Ni kuwa tun ranar, in na ga datti a abin da ban sani ba, sai na tambayi mai shi kafin in ɗaga gyale. Man kaɗe kuma bai sake wuce diddigena ba.